Ƙuli-ƙulin Inna Yelwa

Ranar Juma'ar da aka tsinci Inna Yelwa kwance a bakin murhunta, ruwa ya kwana yana zuba, bai ɗauke ba sai da gari ya waye. Muna dawowa daga masallaci muka ji ihun mata. Jini ya jiƙa mata kallabi, kaskon tuya na kan wuta mai ya ƙone, garwar ƙuli-ƙulin da ta sha wahalar soyawa kuma babu ita. Kafin a samo motar da za ta kai ta asibiti Ƙaraye, sunan ɗana Mu'az ya gama zaga Kwanyawa.

Ni sunana Halliru. Gyaɗa nake nomawa, da rani in taɓa ɗinki. Mu'az yana rarrafe mahaifiyarsa ta rasu, Inna Yelwa maƙwabciyarmu ce ta yi ta ɗura masa kunu har ya tsaya da ƙafarsa. Da ya girma ya sayi babur yana acaba, shi yake kai mata ƙuli-ƙuli duk Juma'a wani gida a bakin Kano, wurin wata hajiya mai shirya wa mata tafiya Umara. Wai mutanenmu da ke zaune a ƙasashen Larabawa suna kewar abincin gida, sai a rarraba wa matafiya su kai musu. Surukin Inna ne ya samo mata cinikin, Nuruddeen mutumin Rogo, wanda kowa ke kira Ɗanmaliki. Da yake idon tsohuwar ya fara rauni, matarsa Talatu takan zo ta taya uwarta dunƙulawa, ta koma kafin Juma'a. Duk gari sai sa wa Ɗanmaliki albarka ake yi.

Da safiyar ranar maƙwabta sun ji Inna tana ɗaga murya, abin da ba halinta ba. "Na ce ba za a ɗauka ba! Tafi ka ba ni wuri." Sun ga Mu'az ya fito fuska a murtuke ya ja babur. Iyakar shaidar ke nan, amma ta wadatar da mutane. Da la'asar yana shigowa gari 'yan sintiri suka tare shi, suka kulle shi a shagon ƙofar gidan mai unguwa.

Ta taga na yi magana da shi.

"Baba, wallahi ban taɓa ta ba. Inna ce fa."

"To me ya haɗa ku?"

"Ni ma ban sani ba. Na ɗaga garwar zan ɗaure a babur, ta fizge. Na kira Ɗanmaliki na gaya masa ta hana, ya ce in bari sai ya zo da yamma. Raina ya ɓaci, na tafi bakin dam na zauna."

"Wa ya gan ka a can?"

Ya girgiza kai. Ba wanda ya gan shi.

Ina tsaye Ɗanmaliki ya iso daga Rogo, hularsa a hannu, yana salati da ƙarfi. Ya ce e, yaron ya kira shi, amma shi yana Rogo, a can ya yi Juma'a. "Rabona da gidan Inna tun ƙaramar Sallah. Da na san maciji na haɗa ta da shi, da da kaina zan riƙa kaiwa."

*

Ban san wurin wanda za ni ba sai Badaru.

Tare muka tashi da shi. Mahaifinsa Bafulatani ne da ya zauna a gefen gari, kuma a zamaninsa in aka kore wa mutum shanu daga nan har ƙauyen Turawa, shi ake aikawa a kira ya bi sawu. Muna yara mukan bi bayansu, uban da Badaru, suna tafe sunkuye kamar masu neman allura, mu kuma muna ɗauke da gorar ruwa muna jin mu ma wasu ne. A lokacin ɓarawo da ƙafa yake zuwa, da ƙafa yake komawa. Yanzu da mota ake loda shanu, ba mai tunawa da mai bin sawu. Badaru ya koma tufka igiya a gindin tsamiya.

"Kaɗo, yau kai ne da gudu?" in ji shi. Haka yake tsokanata tun muna yara.

"Ɗan Fillo, yau ba wasa ya kawo ni ba."

Ya dube ni, ya ajiye igiyar. "Na ji. Mu je tun rana ba ta faɗi ba."

Bakin murhun Inna ya zama kamar an yi sussuka, mata sun tattake ko'ina. Badaru bai ko kalli wurin ba. Ya bi gefen danga a hankali, ya tsaya a gindin rumbu, can nesa da ɗakinta, inda lakar safe ba ta gama bushewa ba. Ya daɗe a tsugune. Na leƙa, ni dai laka na gani. Ya sa aka ba shi babbar ƙwarya ya kife a wurin, ya ɗora dutse.

"Ko kaza kada ta taɓa," ya ce wa matar da ke tsaron gidan.

"Me ka gani?" na tambaye shi.

"Ladabi," in ji shi.

*

Kashegari da sassafe muka ɗauki sawun wani babur da aka jingine a bayan dangar Inna. Ba ta ƙofar gida ya tafi ba, ta cikin gonaki ya bi. 'Yan sintiri biyu suka biyo mu, wai kada mu ɓoye wani abu. Muka bi ta tsakanin dawa har burtali, a nan shanu suka shafe komai. Badaru ya yi ta kewaye, gumi na ɗiga daga gemunsa.

"Idona ba kamar da ba," ya ce a hankali, don ni kaɗai in ji.

Sai ɗaya daga cikin 'yan sintirin ya yi ihu. A rugar Jibo, wani makiyayi da ke ɗan nesa da burtalin, ga garwar Inna an cika ta da ruwa, 'yan maruƙa na sha. Nan take suka yi kansa da sanduna. Ba zan ɓoye ba, na ji sanyi a raina, don ko wane ne in dai ba ɗana ba.

Badaru ya shiga tsakani. Suka gaisa da Jibo da Fulatanci, doguwar gaisuwa, har shanu sai da aka tambaya. Sa'an nan ya juyo.

"Matarsa ce ta tsinta jiya da yamma a gindin marke, ba komai a ciki. Ya ce mu zo ya nuna mana."

"Ai dole ya ce tsinta ya yi," in ji ɗan sintiri.

"Kai, in ka saci garwa, a tsakar gida za ka ajiye wa maruƙa? Rage baki ka buɗe ido."

Tun kafin mu kai gindin marken muka ga kiyashi, layi-layi, baƙi ƙirin, kowanne da ɗan gari a baki. A kan wani faffaɗan dutse aka yi aikin. An bi ƙuli-ƙulin nan ɗaya bayan ɗaya an farfasa, an watsar.

"Mai yunwa ci zai yi," in ji Badaru. "Mai son kuɗi kasuwa zai kai. Wannan wani abu yake nema a ciki."

Ya ɗauko wani ɓari ya miƙo mini. A tsakiyarsa akwai rami kamar gurbin ƙwallon dabino, da guntun takarda mai ƙyalli irin ta kwalin sigari. Ya yi ta yamutsa garin da yatsa, kiyashi na cizonsa, har ya tsinto wata 'yar ƙwaya da ba ta kai ta dawa ba. Ya goge ta a riga. Ruwan ɗorawa ce, ga nauyi. Na taɓa ganin irinta a hannun yaranmu da suka je haƙa ta yamma suka dawo da tari.

"Zinare," na ce. Na zauna a ƙasa.

Ashe abin da ɗana ke goyawa a bayansa duk Juma'a ke nan. Ashe abin da matan nan ke hawa jirgi da shi ke nan, a cikin jakar tsaraba, suna ta addu'a. Jirgi kuwa mu a Kwanyawa iyakarmu mu ɗaga kai in ya wuce.

"Wanda ya hau sama ya fi ƙarfina, Kaɗo," in ji Badaru. "Ni na ƙasa nake bi. Tashi."

*

Muna komowa gari muka tarar da wata baƙar mota a ƙofar gidan mai unguwa. Mutum biyu ne, shadda fes, ba mu taɓa ganinsu ba. Sun gaishe da kowa da fara'a. Wai daga wurin hajiya suke, sun ji abin da ya faru, a ba su yaron su tafi da shi Kano a sasanta a cikin gida, ba sai hukuma ta ji ba. Ɗanmaliki na gefensu yana gyaɗa kai.

"Ranka ya daɗe, mutanen kirki ne," yake ce wa mai unguwa. "Rufin asirin Malam Halliru ne ma."

Ɗayan ya dube ni ya yi murmushi. "Baba kada ka damu. Tambaya ɗaya za mu yi masa."

Na ga idonsa, na san in Mu'az ya shiga motar nan ko gawarsa ba zan gani ba. An gaya musu shi ya ɗauke kayansu, kuma sun yarda.

Badaru ya ja mai unguwa zaure, ya buɗe masa tafin hannu. Da suka fito, mai unguwa ya ce ba inda yaro za shi sai Inna Yelwa ta dawo, an ce gobe za a sallame ta. Mutanen suka ce ba komai, suna nan kusa. A ɓoye mai unguwa ya aika Ƙaraye wurin 'yan sanda.

Da azahar muka je asibiti. An naɗe wa Inna kai, Talatu na zaune a gefen gado idanu sun kumbura.

"Inna, ya jiki?"

"Da sauƙi, Halliru. Ina mijin nawa?" Haka take kiran Mu'az da wasa tun yana goye.

"Yana kulle, Inna. An ce shi ne."

Ta yunƙura kamar za ta tashi. "Ƙarya ne. Ba shi ba ne."

"To wane ne?" in ji Badaru.

"Jiri ne ya kwashe ni."

"Jirin ne ya tafi da garwa?"

Ta dubi Talatu, ta juya fuskarta bango. Duk yadda na roƙe ta, har na durƙusa, ba ta sake cewa uffan ba.

A hanya na ce wa Badaru ai ta wanke shi. Ya girgiza kai. "Cewa za a yi rufa masa take yi, don ita ta raine shi. Amma ka tuna wace ce Yelwa. Ita ce ta bi mai karɓar haraji da muciya muna yara. Ba tsoro ne ya rufe mata baki ba."

*

Ranar da ta dawo, mai unguwa ya ce duk wanda maganar ta shafa ya zo ya yi mata sannu a gida. Tun da hantsi Badaru ya share tsakar gidan da kansa, ya yayyafa ruwa, ya bar ƙwaryar nan a kife. Aka shimfiɗa wa Inna tabarma a ƙofar ɗakinta, Talatu na bayanta. Mu da mai unguwa muka tsaya a bakin zaure, tare da wasu 'yan sanda biyu cikin kayan gida. Baƙar motar na can bakin hanya.

Jibo aka fara kira. Ya tsaya a zaure ya ɗago murya ya yi gaisuwa, ya ce shi bai taɓa wuce nan ba, matarsa ce mai shiga da nono.

Aka kawo Mu'az. Yana ganinta ya tafi kai tsaye, takalmi a ƙafa, har kan tabarmarta, ya faɗi yana kuka.

"Ja'iri, kullum sai ka taka mini tabarma," in ji ta, tana shafa kansa.

Sai Ɗanmaliki. Ya yi sallama, ya bi gefen danga, yana isa gindin rumbu ya tuɓe takalmansa ya jera su. Ya ɗan matsa ya tsuguna daga nesa, kai a sunkuye, hannu ɗaya a ƙasa, yadda suruki ke yi.

"Inna, sannu da jiki. Allah ya tona asirin wanda ya yi."

Ta kau da kai.

"Zauna yadda kake, Ɗanmaliki," in ji Badaru. Ya je ya ɗaga dutsen, ya buɗe ƙwaryar. "Ranka ya daɗe, a matso a gani."

Yanzu da aka nuna mini, ni ma na gani. Sawun takalma biyu a jere a busasshiyar laka. Gabansu kaɗan yatsun ƙafa sun nutse, na wanda ya tsuguna, ga gurbin hannu ɗaya a gefe. Kusa da su kuma ga sababbi a jiƙaƙƙiyar ƙasa, kamar an buga da hatimi ɗaya, har tsagar da ke dunduniyar takalmin hagu.

"Ruwa ya ɗauke da wayewar garin Juma'a," in ji Badaru. "Duk sawun da ke gidan nan kafin nan ya wanke. Wannan bayan ruwa aka yi shi. Ɓarawo ba ya tuɓe takalmi. Yaron nan kun ga yadda yake shiga. A duk faɗin ƙasar nan mutum ɗaya ne ƙafarsa ba ta iya wuce rumbun nan da takalmi, ko da abin da ya kawo shi ba alheri ba ne."

Ɗanmaliki ya yi dariyar yaƙe. "Haba dattijo. Takalmin nan a kasuwar Rogo kaɗai an sayar da irinsa buhu-buhu. A kan laka za a ɗaure mutum? Ga Inna nan, ai ta ce jiri ne. Inna, ki gaya musu."

Kowa ya juya wurinta. Talatu ta riƙe mata zani ta baya. A waje na ji an tayar da baƙar motar, an bar ta tana aiki. Na dubi Mu'az, na dubi tsohuwar.

Tun ranar da aka ɗaura auren Talatu, ba wanda ya taɓa jin sunan mutumin nan a bakin Inna Yelwa. "Na Rogo" take cewa, ko "mai gidan su Talatu". In ya shigo takan ja mayafi ta kau da kai. Ita irin mutanen da ce.

Ta sauke hannunta daga kan Mu'az. Ta ɗago ta dube shi ido cikin ido.

"Nuruddeen," ta ce.

Wata mata a bayan danga ta yi salati. Shi kuwa kamar an zare masa laka.

"Nuruddeen, ɗaya ce ta fashe mini a cikin mai. Idona ya mutu, hannuna bai mutu ba. Na ce maka matan nan ɗakin Allah za su, in aka kama su a ƙasar mutane wa zai je ya fito da su? Ka ce in yi shiru in ci arziki. Na riƙe garwa, ka ture ni. Na yi shiru don 'yata. Amma ba zan ba da wannan yaron ba."

Talatu ta fashe da kuka, tana cewa shi ya gaya mata maganin kasuwa ne na masu shaguna a can, kada ta buɗe. Allah ne ya san gaskiyar wannan, ni dai ban bi ba.

Ɗanmaliki ya zabura zai haura danga, 'yan sandan suka riƙe shi. Kafin a fito da shi zaure, baƙar motar ta ɓace. Da yamma aka samo zinaren a Rogo, a cikin buhun takin da ke shagonsa. Ya ga hanya ta ɓaci, sai ya ce bari ya cinye kayan iyayen gidansa, ya bar ɗana ya biya da ransa. Gidan hajiyar kuma an ce da aka je an tarar da kwaɗo a ƙofa.

*

Mu'az ya sha zuwa Ƙaraye amsa tambayoyi kafin a rabu da shi. Na sa ya sayar da babur, muna noma tare. Har yau in baƙuwar mota ta tsaya a bakin hanya, sai na ajiye fartanya na je na ga ko su wane ne.

Na kai wa Badaru buhun gyaɗa, ya ce in mayar, haƙoransa sun ƙare. Abin da ya karɓa goro ne, da alkawarin in riƙa zuwa gindin tsamiya muna hirar mutanen da. Ina zuwa. Wani lokaci jirgi yakan wuce can sama, mu ɗaga kai mu bi shi da kallo har ya ɓace, sa'an nan ya ci gaba da tufkarsa.

Inna ba ta sake soya ƙuli-ƙuli ba. Talatu ta dawo gida da 'ya'yanta. Ƙafa ba takalmi aka tafi da Ɗanmaliki ranar nan, takalmansa suka zauna a jere a gindin rumbu, ba wanda ya iya taɓa su. Ruwa ya cika su, rana ta busar, har aka cire gyaɗa suna nan.

Wata safiya ina gyara mata danga, Mu'az ya shigo da takalminsa kamar kullum, ya nufi tabarmarta.

"Tsaya nan, mijina," in ji ta. Ta nuna gindin rumbu da sandarta. "Kwashe mini waɗancan ka jefa bayan gida. Mai su ba zai dawo ya gaishe ni ba."